Mai nazarin fim ya fara da sauraron harshen fim ɗin

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana malaman jami'a masu rubutu a kan fina-finan duniya.

Kwanan baya wata ɗalibata ta kawo min babi guda na kundinta a kan wani fim ɗin Iran. Ta yi ƙoƙari matuƙa, amma duk hujjarta a kan fassarar Turancin da ke ƙasan allo ta ɗora ta. Na gayyato wani abokin aiki mai jin Farisanci, harshen Iran, muka kalla tare. Can tsakiya ya ɗaga hannu ya ce a tsayar, a mayar baya. Ashe yarinyar da ke magana a fim ɗin ta daina ce wa malaminta "shoma", ta koma "to". Kamar dai wanda ya saba ce wa dattijo "ku" ne, rana ɗaya ya ce masa "kai". Turanci kalma ɗaya gare shi a nan, don haka fassarar ta haɗiye rashin kunyar gaba ɗaya. Ɗalibar nan ta daɗe shiru tana duban takardunta, ni kuma abin ya taɓa min zuciya, don ni na koyar da ita haka.

Wannan ba ƙaramar asara ba ce, domin a fim zaɓen harshe kansa siyasa ne. Ousmane Sembène na Senegal marubucin littattafai ne da Faransanci, ya koma fim saboda galibin mutanensa ba sa karanta harshen. A 1968 ya fitar da fim ɗin Mandabi da Wolof, harshen da aka fi ji a Senegal. A fim ɗinsa Xala na 1975, uba yana magana da Faransanci, 'yarsa Rama tana mayar masa da Wolof da gangan. Rigimar mulkin mallaka duk tana cikin wannan musayar, amma mai dogaro da fassara ba zai ga komai ba sai layuka biyu na Turanci iri ɗaya.

Na san ba mai iya harsunan duniya duka. Roƙona ga sassan adabi da nazarin fim shi ne, kada a amince da kundi a kan fim sai ɗalibi ya koyi harshen gwargwado, ko ya zauna da mai harshen su bi fim ɗin daki-daki, a kuma rubuta sunan mutumin nan a cikin aikin, domin haƙƙinsa ne.

Ɗalibata dai ta sake babin daga farko, yanzu kuma tana koyon Farisanci sau biyu a mako.

Wassalam,
Wani malamin adabi