Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Lafiya kan sayar da maganin ciwo da na barci

Mai girma Minista, assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu masu harhaɗa magunguna ne da ma'aikatan jinya, kuma mun rubuto ne kan yadda ake tafiyar da ƙa'idar sayar da maganin ciwo da maganin barci a ƙasar nan. A ganinmu ƙa'idar ta matse mara lafiya na gaskiya da kantin da ke da rajista, ta kuma saki wuraren da mutane suka fi cutuwa. An bar jaki ana dukan taiki.

An yi aiki, ba mu musanta ba. A watan Mayun 2018 gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan binciken da BBC ta fitar. NAFDAC ta tsayar da taramadol a kan miligiram 50 da 100, duk wanda ya wuce haka, irin su 200 da 225, haramtacce ne. A Fabrairun 2024 aka tashi dillalan magani daga Sabon Gari a Kano zuwa cibiyar Dangwauro. Akwai kuma dalili: binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya gano mutum miliyan 14.3 na ta'ammali da kayan maye, miliyan 4.6 daga cikinsu da magungunan ciwo dangin taramadol da kodin. Sai dai duk wannan yaƙi da shaye-shaye ne. Ɓarnar da magani na yau da kullum ke yi wa mutumin da bai taɓa neman maye ba, ita ba ta da mai kula da ita.

Ranka ya daɗe, tushen matsalar shi ne haɗi. Ɗan dako ko mai adaidaita sahu ya tashi aiki da magariba, ya tsaya a kemis ya ce a haɗa masa maganin gajiya na ɗari biyu. Yaron kanti ya ɗauko almakashi ya yanko biyu daga wannan kati, ya ɓallo ɗaya daga wancan, ya ɗebo wasu daga gwangwani, ya ƙulle a farar leda gida uku: safe, rana, dare. Babu suna, babu ƙarfin ƙwaya, babu ranar lalacewa. A cikin ƙulli ɗaya ana yawan samun farasitamol, da daikulofenak, da ibufurofen ko firoksikam, wani lokaci har da deksametason, maganin kumburi mai ƙarfi, don jiki ya saki da wuri. In mutumin ya faɗi aka kai shi asibiti, abin da 'yan'uwansa za su iya gaya wa likita shi ne ya sha fari biyu da ja ɗaya da wani mai ruwan ɗorawa. Lasisin mai kemis bai taɓa ba shi izinin haka ba, sharaɗinsa shi ne ya sayar da abin da ke cikin jerin da aka amince masa, a mazubinsa na asali. Dokar tana nan, bin ta ne babu. Idan abu ɗaya kawai za ka iya yi daga cikin wasiƙar nan, to a hana fitar da kowace ƙwaya daga kanti ba tare da sunanta da ƙarfinta da yadda ake shan ta a rubuce ba, kuma wanda aka kama yana haɗi ya rasa lasisinsa.

Farasitamol kowa na ganinsa ba komai ba. Babban mutum yana shan miligiram 500 zuwa 1000 a lokaci ɗaya, da tazarar awa 4 zuwa 6, kada ya wuce 4000 a kwana, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500. Wanda bai kai kilo 50 ba, ko mai ciwon hanta, ko mai shan barasa, nasa ƙasa da haka ne. Inda ake zarcewa shi ne farasitamol yana ɓoye cikin magunguna masu sunaye daban-daban: yana cikin Panadol, yana cikin Ibucap, yana cikin maganin mura irin su Procold da Mixagrip. Mai mura ya sha Panadol biyu, ya ɗora ƙwayar mura ɗaya, ya bi da ƙullin haɗi mai ɗauke da wata guda, ya sha 2000 ke nan a zama ɗaya. Sau uku a rana ya zama 6000, shi kuwa a lissafinsa magani uku daban ya sha. Mugun halin gubar shi ne ranar farko ba ta nuna komai sai ɗan tashin zuciya. Sai kwana na biyu zuwa na uku hanta ta fara gazawa, ido ya yi ɗorawa, jini ya ƙi daskarewa. Makarinta, asetilsistin, ya fi aiki ne cikin awa 8 na farko, kuma ya kamata a tilasta ajiye shi a ɗakin gaggawa na kowane babban asibiti.

Birtaniya ta rage wannan ɓarna da abu mai sauƙi. A 1998 ta ƙayyade ƙwaya 16 a kwali a shagunan gama-gari, 32 a kantin da ke da mai harhaɗa magani, kuma binciken da ya bi shekara 11 na bayan dokar ya nuna mace-mace ta wannan hanya sun ragu da kashi 43 cikin ɗari a Ingila da Wales. Dalilin a fili yake: wanda ɓacin rai ya kwashe shi, abin da ya tarar a gida shi yake haɗiya. A nan muna ba da shawarar kati biyu ga mutum ɗaya a kemis, a kuma mayar da gwangwani mai ƙwaya 1000 na asibiti kaɗai. A sa kamfanoni su rubuta "akwai farasitamol a ciki" da manyan baƙaƙe a gaban kwali, da Hausa da sauran manyan harsunanmu, har da ajami, domin masu karanta shi a Arewa ba kaɗan ba ne.

Su ibufurofen da daikulofenak da firoksikam da asfirin gida ɗaya ne. Haɗa biyu daga cikinsu ba ya ƙara sauƙi, illa kawai yake ninkawa. Suna rage sinadarin da ke kare bangon ciki daga ruwan tsami, shi ne kuma sinadarin da ke buɗe jijiyoyin ƙoda idan ruwa ya yi ƙaranci a jiki. Saboda haka lebura da ya yini yana zuba gumi a zafin Afrilu, bai sha ruwan kirki ba, ya zo ya afa daikulofenak biyu cikinsa ba komai, ya taɓa ciki da ƙoda a lokaci guda. Haka mai azumin da ke buɗe baki da maganin ciwon kai kafin ya ci abinci. In an ƙara deksametason haɗarin zubar jini a ciki ya ƙaru. Alamarsa bayan gida baƙi ƙirin mai yauƙi, ko amai mai jini, kuma a tsofaffi sau da yawa ba ciwon cikin da ke gabatarsa. Mai hawan jini da ke shan lisinofuril tare da ƙwayar sa fitsari, ƙodarsa ta fi ta kowa shiga haɗari. Mai cikin da ya kai mako 20 ba ta shan waɗannan magunguna sai likita ya ce, yaro ƙasa da shekara 16 ba a ba shi asfirin, Alabukun kuwa asfirin ne da sinadarin kafin, wanda ke cikin kofi da goro. Abin da ya dace ya rage a kemis shi ne ibufurofen mai 200, kada a wuce 1200 a kwana, na kwana 3 kawai, bayan an tambayi mai saye ko yana da gyambon ciki, ciwon ƙoda, hawan jini, asma ko juna biyu. Daikulofenak na sha da firoksikam su koma hannun mai harhaɗa magani da takardar likita. Birtaniyar ma ta yi wa daikulofenak haka a 2015 saboda illarsa ga zuciya. Wani abin da masu kanti ba su cika sani ba: shan maganin ciwon kai kwana 15 ko fiye a wata shi kansa yana haifar da ciwon kai na kullum, to mai zuwa saye kowace safiya asibiti ya kamata a tura shi.

Maganin barci da ake samu ba takarda asalinsa maganin ƙaiƙayi ne da mura, irin su Piriton da Phenergan, barcin illa ce ta gefe da aka mayar sana'a. Cikin 'yan kwanaki jiki ke sabawa, sai mutum ya ƙara ƙwaya, barcin bai ƙaru ba amma bushewar baki da taurin bayan gida sun ƙaru. Magagin yana kai wa har hantsi, abin tsoro ga direban da zai ɗauki hanya da asuba. A dattijo yana kawo ruɗewa da faɗuwa, yana iya riƙe fitsari gaba ɗaya ga wanda dama fitsarin ke masa gardama, yana kuma tayar da wani nau'in hawan jinin ido. Mafi muni shi ne ɗura wa jariri don ya yi shiru a samu a yi aiki ko a je biki. Phenergan na iya tsayar da numfashin yaron da bai kai shekara 2 ba, kuma wannan gargaɗi ya kamata a ji shi a rediyo da ɗakin awo, ba a ƙananan baƙaƙen cikin kwali kaɗai ba. Ƙa'idar da muke so: kati ɗaya, ga baligi, ba a maimaita masa bayan mako biyu, ba a sayar wa yaron da aka aiko, ba a ba wanda ya haura 65. Kafin nan a tambaye shi abin da ya hana shi barci. Sau tari amsar tana wurin mai shayi da ƙarfe goma na dare, ko goron bayan isha'i, ko lemon ƙara kuzari, ko ma Panadol Extra da ya sha da dare, wanda akwai sinadarin kafin a ciki. Wani tashi fitsari ne ke damunsa, a auna shi a tarar da suga. Wani ciwon damuwa ne, shi kuwa ba shi ƙwayar barci a sallame shi ganganci ne.

Valium da matasa ke kira D5, da Lexotan, da rochi (Rohypnol), magungunan barci ne masu ƙarfi, tun asali na takardar likita ne, kuma ko likita bai kamata ya wuce mako 2 zuwa 4 da su ba. Abin da jami'an kame ba sa lissafawa shi ne wanda ya yi watanni yana sha ba a yanke masa rana ɗaya. Zai shiga rawar jiki da firgita, wani har jijjiga irin ta farfaɗiya, ana iya rasa shi. Rage masa ake yi kaɗan-kaɗan cikin makonni ko watanni. Asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa da Kware da Dawanau da Maiduguri ba za su iya ɗaukar kowa ba, dole a horar da likitocin manyan asibitocin ƙananan hukumomi su riƙa wannan aiki. In an rufe kanti ba a buɗe wurin jinya ba, mutum kasuwar bayan fage zai koma, can kuwa kullum da sabon kaya. Da aka matsa wa taramadol sai ga haɗin tafentadol, ɗan'uwan taramadol, da karisofurodol mai sakin tsoka ya cika gari, har sai da Indiya ta hana yin sa a Fabrairun 2025.

Yallaɓai, akwai waɗanda tsaurin nan ya faɗa wa ba su ji ba su gani ba. Ana haifar jarirai kusan 150,000 da sikila kowace shekara a Najeriya. Idan ciwon ya tashi, farasitamol ba ya taɓa shi, haka mai kansar da ta kai ƙashi, da wanda aka yi wa babban aiki. Kantuna da yawa masu rajista sun daina ajiye magunguna masu ƙarfi don gudun tuhuma, sai uwa ta yi ta yawo da takardar likita cikin dare ana kallon ta a matsayin mai saya wa ɗan ƙwaya. Ƙarshenta a koma wa allurar fenta, wato fentazosin, a gida, wadda ke kama mutum, ta bar masa gyambo da sandarewar nama a cinya da damtse. Mofin na sha yana da araha, kuma a hannun wanda ya iya ba da shi ya fi wannan allura aminci nesa ba kusa ba. A samar da shi a kowane babban asibiti, a ba masu sikila da kansa kati mai hoto da lambar asibitinsu, a ware kanti aƙalla ɗaya mai rajista a kowace ƙaramar hukuma da zai riƙa ajiyewa. Takardar likita ta ɗauki sunansa da lambar rajistarsa da kwanan wata da adadin ƙwaya a lamba da kalmomi, mai kanti ya buga mata hatimi ya riƙe ta ya shigar a littafi, don kada takarda ɗaya ta zaga kantuna biyar.

Wata dokar 2022 ta ba Hukumar PCN, mai kula da sana'ar harhaɗa magunguna, iko a kan duk wurin da ake sayar da magani, hukumar kuma ta riga ta kasa masu kemis mataki uku gwargwadon iliminsu na lafiya. A ɗora waɗannan ƙa'idoji a kan matakan, a horar da masu kemis kafin a fara hukunci, domin a ƙauyuka da yawa su ne kaɗai wurin zuwa. Amma mai kanti ba zai ƙi sayar da kati na uku ba alhali a bakin ƙofarsa ga mai baro yana tallan daikulofenak da rana ta gama gasawa, ga wani a tasha yana bi mota-mota. Masu talla ba su da lasisin da za a ƙwace, sai a bi sawun kayansu zuwa dillalin da ya sayar musu, kuma tun da an tattara dillalan Kano wuri ɗaya, lambar rukunin da ke jikin kwali da rasiɗi sun isa a fara daga can.

Wassalam.

Daga wasu masu harhaɗa magunguna da ma'aikatan jinya.