Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Kano: Ina Za Mu Kai Wanda Muka Tsinta A Titi?

Mai Girma Gwamna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto maka ne a madadin wasu 'yan tsirarun mutane masu aikin sa-kai a titunan birnin nan. Kada kalmar ta ruɗe ka, domin a wannan zamani da zarar an ce 'yan sa-kai sai a ɗauka masu gora da bindiga ake nufi. Mu kayan aikinmu bargo ne da tsofaffin riguna da bokitin kunu. A cikinmu akwai 'yan kasuwa da malaman firamare da direbobin adaidaita sahu, kuma kowane hunturu muna fita bayan sallar isha'i mu zaga ƙarƙashin gadoji da bakin tashoshi da rumfunan kasuwa, inda waɗanda ba su da makwanci ke shimfiɗa kwali. Ba kuɗin bargo na zo roƙo ba, wannan muna iya haɗawa a tsakaninmu. Abin da ya fi ƙarfinmu shi ne marar lafiyar da muke tsinta cikin dare, wanda ba shi da kowa, kuma ba mu san ƙofar da za mu ƙwanƙwasa a karɓe shi ba.

A hunturun da ya wuce, wajen ƙarfe 11 na dare, muka tarar da wani dattijo a ƙarƙashin wata gada, jikinsa zafi zau, ƙafarsa ta kumbura da wani gyambo da ya ɗaure da leda. Bai iya gaya mana komai ba sai sunansa da sunan wani ƙauye da babu wanda ya taɓa ji a cikinmu. Muka ɗora shi a adaidaitar ɗaya daga cikin abokan aikinmu, muka nufi wani asibiti. Tambayar farko da aka yi mana ita ce ina ɗan'uwansa. Ta biyu, wa zai sa hannu ya kuma zauna jinya. Daga nan sai kuɗin kati, da safar hannu, da ledar ƙarin ruwa, duk kafin wani ya kwance ledar ya duba ƙafar. Da aka kwance kuwa, sai wani ya ce wannan rauni ya yi kama da na bugun abin hawa, don haka sai an kawo takardar 'yan sanda. Direban da ya bar neman abincinsa ya ɗauko mutumin da bai sani ba, shi ne ya kwana yana amsa tambayoyi, ana neman a shafa masa kashin kaji. Da gari ya waye ya rantse mana cewa ko gawa ya gani a hanya ba zai ƙara tsayawa ba, kuma har yau ban samu bakin da zan ba shi haƙuri ba.

Ba na zargin ma'aikatan da muka tarar a daren nan. Su ma na ga gajiya a idonsu, kuma na fahimci cewa idan suka ba da magani ba a biya ba, to daga aljihunsu za a cire. Abin da nake tambaya shi ne yadda aka yi doka take nan a rubuce amma ba ta iso bakin tagar da ake yankar kati ba. Ka fi ni sanin cewa sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta wa kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ya ƙi ba mutum kulawar gaggawa bisa kowane irin dalili, har ya tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba ga wanda ya saɓa. Dokar ba ta tsaya ga umarni ba, ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, ta kuma ware kashi 5 cikin 100 na kuɗinsa domin kulawar gaggawa. A 2017 an ƙara wata doka da ta tilasta a yi wa wanda aka harba da bindiga magani ko da babu takardar 'yan sanda, ta kuma ce a mutunta wanda ya kawo shi, kada a tsare shi da tambayoyin wulaƙanci. Idan wanda ya ɗauko mai raunin harsashi ya cancanci wannan kariya, me zai hana wanda ya ɗauko tsoho mai gyambo?

Dattijon ya yi kwana 9 a gado, mu ne masu jinya bi da bi, mu ne masu biyan magani. Ranar da aka sallame shi muka tsaya a ƙofar asibiti muna kallon juna, domin babu wanda ke da ɗakin da zai ajiye shi, kuma babu takardar da aka ba mu mu kai wani gida na gwamnati. Mun san akwai gidan gajiyayyu a Shahuci, mun san akwai asibitin masu taɓin hankali a Dawanau, amma talaka mai jan adaidaita bai san wa zai gani ba, kuma ba shi da wata shaida da za ta nuna cewa ba mahaifinsa ya zo yasarwa ba. Ranka ya daɗe, kunya nake ji in rubuta wannan, amma ƙarƙashin gadar da muka ɗauko shi, nan muka mayar da shi, da sabon bargo da ledar ƙwayoyi.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne jihar nan ba ta taɓa rasa ƙarfin kwashe mutane daga titi ba. An yi dokar hana bara a 2013. A watan Fabrairun 2020 aka sake shelar hana barar almajirai, har da barazanar gurfanar da iyaye da malamai. Bayan wata biyu, da annobar korona ta shigo, muka ga yadda aka samu motoci da mai da jami'an rakiya cikin 'yan kwanaki, aka loda yara aka mayar da su Katsina da Jigawa da Kaduna, jihohin suka yi ta musayarsu kamar buhunan hatsi. Ashe idan korar mutum za a yi, mota ba ta wuya. Sai idan asibiti za a kai shi ne ake tuna cewa babu mai a tanki. Duk wanda ke yawo da dare ya san cewa waɗanda aka kwashe sun dawo, wasu ma a kan kwalin da suka bari, domin sanyi da yunwa ba su san an yi doka ba.

Ba zan ɗora maka alhakin abin da aka yi kafin zuwanka ba. Amma ka gaji Dokar Kare Yara da aka sa wa hannu a watan Mayun 2023, kuma da bakinka ka ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024, muka ji daɗi muka yi addu'a. Yaran da muke tararwa sun dunƙule cikin buhu a bakin tasha suna cikin waɗanda aka yi dokokin nan dominsu, kuma idan zazzaɓi ya kayar da ɗaya daga cikinsu, tambayar da aka yi a kan dattijon nan ita za a yi a kansa. Haka ma masu taɓin hankalin da ke yawo tsirara a kan manyan tituna, duk da sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin ta 1958. Maganar mata masu goyo da ke kwana a rumfunan kasuwa kuwa, wannan sai wata wasiƙar.

Don girman Allah, abin da muke nema bai kai kuɗin gina ƙafar gada ɗaya ba. Muna so ka ba da umarni a rubuce ga asibitocin jiha cewa duk wanda aka kawo cikin halin gaggawa ba tare da ɗan'uwa ba, a fara ceton ransa, a rubuta kuɗin a wani littafi na musamman da gwamnati za ta riƙa biya, a kuma liƙa takardar umarnin a bango inda mai yankar kati da mai kawo marar lafiya za su gan ta tare. A samu jami'in jin daɗin jama'a a kowane babban asibiti, wanda aikinsa shi ne ya san inda za a kai irin wannan mutum ranar sallama, ya nemi danginsa ta hannun masu unguwanni da dagatai, waɗanda sun fi kowa iya gano asalin baƙo. Mu kuma a tantance mu, a binciki halinmu a unguwanninmu, wanda ya cancanta a ba shi katin shaida da zai nuna a asibiti ko a caji ofis. Ba ma gudun bincike, mun san akwai masu fakewa da taimako suna cin haram, kuma mu ma muna so a raba mu da su.

Idan kana ganin na ƙara wa miya gishiri, ka turo mana mutum ɗaya da ka amince da shi, ba tare da jiniya ko masu ɗaukar hoto ba. Muna fita daren kowace Alhamis da zarar sanyi ya sauka, kuma akwai wurin zama a adaidaitar da ta rage mana. Dattijon yana nan, ƙafar ta sake kumbura, zai iya yi masa bayani da kansa.

Allah ya yi maka jagora.

Naka,
Wani mai aikin sa-kai a birnin Kano