Wasiƙa zuwa ga Yaya kan hoton da za a yi wa Baba

Assalamu alaikum Yaya,

Ina gaida ku da Inna da duk mutanen Birni. Yaya jikin Baba? Allah ya ƙara sauƙi.

Takardun asibitin Baba, na limfomar da yake fama da ita (kansar kaluluwa), sun iso ni nan Faransa. Zogin da ke hana shi barci a hannun dama kaɗai, ga hannun yana mutuwa, bai yi kama da illar vinkristin, allurar kansar da aka yi masa, ba, don ita tana kama yatsun hannu da na ƙafa ne gefe biyu daidai. Mai limfoma in ya zo da irin wannan, sai a duba ko cutar ta shiga jijiyoyin ji da motsi. Kada hoton sikanan da ya fito lafiya ya kwantar muku da hankali, bai cika nuna jijiya ba.

Ku roƙi likitansa IRM (hoton da ake ɗauka da na'urar maganaɗisu) ta wuya da hammata, mai allurar gadoliniyom, maganin da ke ƙara fito da hoton. Jijiyar da ta kamu takan yi kauri, ta ɗauki maganin ta yi haske. A fara auna kireyatinin, gwajin jinin da ke nuna lafiyar ƙoda, a kuma faɗa in akwai ƙarfe a jikinsa.

Kafin hoton, don Allah kada kowa ya sayo masa dekizametazon ko piredinizolon, magungunan rage kumburi. Za su kwantar da zogin, har ku ce an samu sauƙi, alhali sun danne cutar ne na ɗan lokaci, hoto da naman da za a tsakura don gwaji su fito ba komai. In ya riga ya fara sha, kada ya bari farat ɗaya, a gaya wa likita ranar da ya fara da yawan ƙwayar.

In ta kai ga PET, wani hoton da ake yi bayan allurar maganin da ke sa wurin cutar ya yi haske, awa 6 kafinsa ba abinci, ba shayi mai sukari, ba goro, sai ruwa zalla. Sukarin jininsa kada ya haura giram 2 a lita. Bayan allura zai kwanta awa 1 cikin bargo, ba hira ba tauna, don tsoka mai aiki tana zuƙe maganin ta rufe jijiyar. Ƙarfin maganin kuwa yana raguwa da rabi duk minti 110, wanda ya makara ya rasa layinsa. Inda ya fi haske, nan ake tsakurar nama, shi ne mai tabbatarwa. Gwajin ruwan lakar baya kuwa sau da yawa yakan fito fes ko da cutar na nan.

Ku karɓo faifan hoton, takardar sakamako kaɗai ba ta ishe ni ba. Kuɗin motar Yamai na turo su ranar Litinin.

A gaida Inna, ta sa mu a addu'a.

Ƙaninku