Malaman makarantar mishan ba tarkace ba ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da abokan aikinku.

Maganar da baƙonku ya yi a shirin daren Lahadi na gidan rediyonku ta ɓata mini rai ƙwarai, kuma har yanzu ban huce ba. Ya ce malaman ƙananan makarantun mishan na karkara tarkace ne, waɗanda suka nemi aikin gwamnati suka rasa, suka raɓe a jikin coci suna cin kuɗin talakawa. Mai gabatar da shirin bai ce masa uffan ba. Dariya ma ya yi, ya ce a tafi talla. Na yi ta kiran lambar da kuka bayar ba ta shiga, da ta shiga kuma aka ce lokaci ya ƙure. To tunda ban samu faɗa da baki ba, ga shi a rubuce, kuma ina roƙo a karanta shi a cikin shirin nan dai, inda aka yi ɓatancin.

Ni Musulmi ne, tela, mazaunin wani ƙauye a ƙasar Zuru. 'Ya'yana uku ne suka shiga firamaren Katolika da ke bayan kasuwarmu, autar tana can har yanzu. Ina cikin kwamitin iyayen yara, don haka littafin kuɗin makarantar ba ɓoyayye ba ne a wurina.

Cin kuɗin talakawa, in ji shi. Wane kuɗi? A watan Yulin 2024 shugaban ƙasa ya sa hannu a dokar mafi ƙarancin albashi, naira dubu 70. Dokar ba ta hau kan wurin aikin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, mu kuwa malamanmu duka da mai gadi ba su kai goma ba. Abin da malami ke ɗauka a wata a makarantar nan bai kai rabin dubu 70 ɗin ba, kuma ba kullum yake zuwa a kan kari ba, domin daga aljihunmu yake fitowa. Mu manoma ne da masu ƙananan sana'o'i. Da damina babu mai kuɗi a hannu. Sai kaka ta yi, wannan ya kawo tiyoyin dawa, wancan rabin buhun masara, wata ta sayar da akuya ta biya na zango biyu a haɗe. Akwai iyayen da bashin bara ke kansu har yau, kuma ban taɓa ganin an koro yaro gida saboda haka ba. Fansho babu, garatuti babu. Dokar 2022 da ta ƙara wa malamai shekarun ritaya zuwa 65 ma'aikatan gwamnati ta amfana, namu a rediyo kawai suka ji ta. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, malamin aji biyar da ke zuwa daga ƙauyen gaba ya daina hawa kabu-kabu, da ƙafa yake tahowa, ya tsallake rafi, kuma sau da yawa shi ke riga kowa buɗe ƙofar aji. Wannan shi ne mutumin da aka zauna a ɗaki mai sanyi aka kira tarkace.

Ina ma baƙon naku ya taɓa leƙa aji ɗaya a irin ƙauyenmu. Yaran da ke shigowa ba harshe ɗaya suke ji ba. Wani C'lela, yaren Dakarkari, ce kawai a bakinsa, wani Fulatanci, wani Kambarci, wani Hausa, kuma dukkansu ana so su fita da karatun Turanci da lissafi. Malamar ajin tana da buhun murafan kwalbar lemo da ta tsinto a kasuwa ta wanke, da guntayen karan dawa da ta yanka daidai wa daida, da su yara ke koyon ƙirga da tarawa da ɗebewa. In allo ya koɗe, takan fasa tsohon batir ta haɗa baƙinsa da gawayi ta shafe shi da yamma, kafin safe ya bushe. In yaro ya ɓata wandonsa, ita ke kai shi bayan aji ta wanke shi, ta ɗaura masa ɗankwalinta, ba tare da sauran sun farga ba.

Autata tana da in'ina. Lokacin da muka kai ta, in aka tambaye ta sunanta sai ta sunkuyar da kai ta fashe da kuka, saboda dariyar da ta saba sha a unguwa. Malamar nan ce ta lura cewa in yarinyar tana waƙa, harshenta ba ya sarƙewa. Sai ta mayar da ita mai ba da waƙar ƙirga da ta baƙaƙe kowace safiya, ita ke bayarwa aji na amsawa. Daga waƙa aka koma karanta jimla guda a tsaye, daga jimla aka koma shafi. In'inar ba ta tafi duka ba, amma yau yarinyar ita ke karanta wa kakarta takardar asibiti, ita ke ɗaga hannu a aji. Babu wanda ya biya malamar ko sisi a kan wannan. Da na je yi mata godiya cewa ta yi in bar yarinyar ta riƙa yi mini hira a shago, kada in ƙarasa mata magana in ta tsaya, in jira ta. Ni da na haife ta, a bakin malamar na fara jin wannan shawara, kuma ta yi amfani.

Batun takardu kuwa, akwai masu NCE a cikinsu, wadda ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa da ƙasar nan ta amince da ita, ɗaya ma a kwalejin ilimi ta Argungu ta yi karatu. In ma a ce sun nemi aikin gwamnati ba su samu ba, laifi ne? Matasa nawa ne ke yawo da takardu a hannu a jihar nan ba aiki? Wanda ya rasa, maimakon ya zauna a majalisa yana zagin zamani, ya ɗauki alli ya shiga ajin ƙauye, a ganina jinjina ta kamace shi.

Sai habaicin da baƙon ya ƙara da shi, wai iyaye Musulmi su yi hattara da inda suke kai 'ya'yansu. Da alama bai san ƙasar Zuru ba. A nan gida ɗaya za ka tarar da Musulmi da Kirista da mai bin al'adar kakanni, tukunya ɗaya, maƙabarta ce kawai ke raba su. Ƙanin mahaifiyata Kirista ne, shi ya yi mini walicci a aurena. Lokacin bikin gargajiya na Uhola kowa na fita. A makarantar, in lokacin darasin addini ya yi, katikis, malamin addini na coci, na ɗaukar nasa yaran, namu kuma su koma gindin mangwaro wurin malamin da limaminmu ya turo. Ranar Juma'a ana tashi da wuri don yara su yi wanka su riski masallaci. Da azumi ba a sa mai azumi shara ko ɗibar ruwa. Da yamma 'ya'yana suna Islamiyya, babban ma ya sauke. Ba mu ne za a koya wa tsaron addinin 'ya'yanmu daga Birnin Kebbi ba. Ido biyu muke, kuma da mun ga abin da bai dace ba da tuni mun kwashe su.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne lokacin da aka zaɓa aka yi wannan magana. Ku da kanku kuka ba mu labarin Maga, a ƙaramar hukumar Danko-Wasagu, ranar 17 ga Nuwamban 2025, da 'yan bindiga suka shiga makarantar 'yan mata suka kashe mataimakin shugaban makarantar, suka tafi da ɗalibai 25. Ba a yi mako ba, ranar 21 ga wata, aka kwashe ɗaruruwan yara da malamansu a makarantar Katolika ta Papiri, a Agwara ta jihar Neja, wadda ke ƙarƙashin Bishop na Kontagora, shi ne dai wanda cocin ƙasarmu ke ƙarƙashinsa. Kafin su akwai Birnin Yauri a 2021. Ku auna halin da malamin ƙaramar makaranta marar katanga ya shiga a waɗannan makonni. Mu iyaye mun riƙe 'ya'yanmu a gida, kuma ba wanda zai ga laifinmu. Malaman nan da suna so da sun tattara sun koma Zuru ko Kontagora wurin dangi, ba mai cewa don me. Ba su tafi ba. Hedimasta ya bi gida-gida da rajista a hammata, ya raba yara rukuni-rukuni bisa unguwanni. Wannan malami ya ɗauki zauren mai unguwa, waccan ta ɗauki rumfar gidan wani dattijo, aji shida kuwa a shagona suka riƙa zama da hantsi, na ture keken ɗinki gefe suka baje littattafai a kan teburin yanka. Ina zaune ina ɗaura maɓalli ina jin malaminsu yana bi da su lissafin kashi-kashi, in babur ya wuce da gudu ya ɗan yi shiru ya saurara, sannan ya ci gaba kamar ba komai, don kada yaran su tsorata. A lokacin ma albashi ya tsaya cak, tunda babu mai biyan kuɗin makarantar da ba a zuwa.

Haka kuma yaran da iyayensu suka gudo daga ƙauyukan da aka tasa. Sun zo mana ba takalmi, wasu sun shekara ba su ga allo ba. Hedimasta bai tambayi addinin kowa ba, bai tambayi kuɗi ba, suna kawai ya rubuta. Ni na ɗinka wa wasunsu kayan makaranta daga ragowar yadi, matan coci da matan unguwarmu suka haɗa kuɗin littafi da fensir. Aji ya cika har yara huɗu na zama a bencin mutum biyu, malamai ba su ce a ƙara musu ko kwabo ba.

Mu dai mun san darajarsu, shi ya sa ranar 5 ga Oktoba, Ranar Malamai ta Duniya, ba ta wuce mu haka nan. Ba mu da lambar yabo ko ambulan. Ana shimfiɗa tabarmi a filin makaranta, Fada, limamin coci, ya zo daga gari in hanya ta yi kyau, liman ya zo, mai unguwa ya zo, a buɗe da addu'a biyu. Kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa: kaza, sabulu, gyaɗa, ƙullin daddawa, turmin atamfa da mata suka yi karo-karo suka saya. Akwai tsohuwar da jikokinta marayu ke makarantar, duk shekara ƙwan zabi take kawowa a ƙwarya, ta durƙusa ta miƙa, malamar aji ɗaya ta yi maza ta ɗaga ta tana cewa Inna don Allah ki tashi. Da damina kuma muna yi musu gayya. Matasa su fita da garma da fartanya su nome gonakin malamai a yini guda, mata su kai kunu da tuwo, domin wanda ya yini a aji ba shi da lokacin noma, kuma albashinsa ba zai ciyar da gidansa ba. Da iska ta yaye rufin aji uku, kafinta Musulmi ne ya buga shi kyauta, kuɗin ƙusa kawai aka ba shi. Yabon gwani ya zama dole, kuma iyakar ƙarfinmu ke nan.

Ban ce babu gurɓatattun makarantun kuɗi ba. Akwai su, musamman a birane, shago biyu da allo a ƙofa an zama makaranta. In su baƙon yake nufi ya fito fili ya faɗi irinsu. Amma ya yi wa kowa kuɗin goro, gidan rediyo kuma ya bar maganar ta tafi haka ba gyara, wannan zalunci ne. Gwamnan jihar nan, Nasir Idris, malamin makaranta ne, har ƙungiyar malamai ta ƙasa ya shugabanta kafin ya hau mulki a 2023. A jihar da malami ke mulki bai kamata a ji ana wulaƙanta mai riƙe da alli a gidan rediyo ba, ko na gwamnati ne ko na mishan ko na Islamiyya.

Malaman namu sun ji shirin. Washegari malamin aji biyar ya biyo ta shagona, muka gaisa, ya ce ashe haka ake kallonsu. Na rasa abin da zan ce masa. 'Ya'yansa ma sun ji, ɗalibansa sun ji. Gobe da wane ido yaro zai dubi malamin da rediyo ta ce tarkace ne?

Abin da nake nema a wurinku: baƙon nan ya dawo ya janye maganarsa, mai gabatarwa ya ba malaman haƙuri da bakinsa. Sannan ku turo wakilinku ƙasar Zuru, ko Fakai, ko Sakaba, ya kwana biyu, ya shiga aji ya zauna a benci, ya naɗo muryar malaman da ta iyaye. Kullum baƙinku daga babban birni suke, masu manyan riguna, suna yi mana bayanin rayuwar da ba su taɓa yi ba.

Tunda na riga na ɗauki biro, ga wata kuma. Tallan masu maganin gargajiya da kuke sakawa da sassafe ya wuce gona da iri. Daidai lokacin da yara ke shan koko suna shirin makaranta, rediyo a kunne don jin labarai, sai mutum ya ɓarke da zancen ƙarfin maza da sunayen al'aura tsirara, uba na zaune, uwa na zaune, surukai na tsakar gida. Rannan sai da na yi tsalle na kashe rediyon a gaban mahaifiyata. In kuɗin tallan ne ba za ku iya bari ba, ku mayar da shi bayan ƙarfe goma sha ɗaya na dare, kuma ku sa a tace kalaman kafin a saka.

Na gode. Allah ya ba mu zaman lafiya, ya kare mana makarantunmu da malamansu.

Naku mai sauraro,
wani uba daga ƙasar Zuru, jihar Kebbi