Sunan kwali daban, abin da ke cikin ƙwayar barci daban

Assalamu alaikum Edita. Ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan ƙwayar barcin da likitoci ke rubutawa, domin abin ya taɓa ni har cikin gida.

Bayan rasuwar mahaifinmu barci ya ƙaurace wa idon mahaifiyata, mai shekara 71. Likita ya rubuta mata zolpidem, miligiram 10 kowane dare. Bai san cewa wani likitan ya riga ya ɗora ta a kan diazepam saboda yawan faɗuwar gaba ba, mu kuma ba mu faɗa ba, don mun ga suna daban, kwali daban, launi daban. A dare na tara ta tashi za ta kewaya, ƙafa ta ƙi ɗaukarta, ta faɗi ta karye a wuyan hannu. Da gari ya waye ko tashin ba ta tuna ba.

A bakin gadonta na asibiti na fara warware takardar nan mai ƙananan rubutu da ake cusawa cikin kwali, wadda da yawanmu muke jefarwa. Ashe a ƙwaƙwalwar ɗan Adam akwai wani sinadari, GABA, mai aikin kwantar da jijiyoyi. Diazepam, wanda ya shigo kasuwa da sunan Valium a 1963, da 'yan uwansa nitrazepam da temazepam da lorazepam, duk ƙarfin wannan sinadarin suke ƙarawa. Zolpidem da zopiclone sun zo daga baya, haɗinsu ya bambanta, amma ƙofa ɗaya suke ƙwanƙwasawa. Kenan ninki biyu muke ba baiwar Allah da hannunmu. Ga shi rabin zolpidem kan bar jiki cikin awa biyu zuwa uku, shi kuwa diazepam sai ya kwana ɗaya ko biyu rabinsa bai fita ba, a jikin tsoho ma ya fi haka jimawa. Na jiya bai tafi ba, na yau ya hau kansa.

Abin da ya fi yi mini ciwo, tun 2013 hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA, ta rage adadin zolpidem ga mata daga miligiram 10 zuwa 5, saboda yana daɗewa a jininsu har safiya. Tsofaffi ma 5 ɗin aka ƙayyade musu. A 2019 ta sa gargaɗi mai tsanani a kansa, bayan an samu masu tafiya, har da masu tuƙa mota, alhali barci suke yi. Haɗa irin waɗannan ƙwayoyi da giya ko kodin ko tramadol kuwa yana iya danne numfashi gaba ɗaya.

Akwai sababbi masu bin wata hanya. Suvorexant, da aka amince da shi a 2014, yana toshe orexin ne, sinadarin da ke riƙe mutum a farke.

Ban ce kowa ya watsar da maganinsa ba. Wanda jikinsa ya saba da dangin diazepam, in ya yanke lokaci guda yana iya kamuwa da jijjiga. Mahaifiyata ma sannu a hankali likita ya riƙa rage mata, makonni da dama.

Roƙona ga likitoci, don Allah ku tambayi mara lafiya me yake sha kafin ku ɗora biro, ku kuma faɗa masa sunan sinadarin da bakinku. Kai kuma Edita, da za ka gayyato masanin harhaɗa magunguna ya yi mana bayanin waɗannan sunaye a shafinku na lafiya, da ka taimaki masu jinyar iyaye irina.

Taku,
Wata mai karanta jaridarku