Wasiƙar godiya ga masu gyaran dish na Sabon Gari

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto wannan wasiƙa ne domin in bayyana godiyata a bainar jama'a ga maigidan wani shagon gyaran dish da ke kan titin France Road a Sabon Garin Kano, tare da yaransa biyu, saboda aikin da suka yi mana cikin gaskiya da sanin makamar sana'a.

Dish ɗin gidanmu babba ne, irin mai jak, wato sanda mai inji da ke tura shi, wanda ke juyawa daga tauraron ɗan adam na Nilesat a digiri 7 yamma zuwa na Arabsat a digiri 26 gabas. Mahaifinmu, wanda tsufa ya rage masa fita, ya saba kallon sallar Magariba da Isha'i kai tsaye daga Masallacin Harami, kuma da yake agogon Saudiyya ya riga namu da awa biyu, tun bayan La'asar yake zama a gaban talabijin. Bayan ruwan Agusta sai dish ɗin ya ƙi tafiya. In an danna maɓalli sai ya ɗan zabura, ya tsaya cik, har ya kauce daga kowace tasha. Wanda muka fara kira ko tsani bai hau ba ya ce jak ya ƙone, sai dai a sayi sabo.

Malam, abin da ya fara burge ni shi ne kun ƙi yanke hukunci kafin ku auna. Kun sa mita a bayan akwatin da ke juya dish ɗin, wato fozishina, kuka tabbatar yana fitar da volt 36 kamar yadda ya kamata. Daga nan yaronku ya hau, ya kwance manyan wayoyi biyu na jak ɗin, ya jona su da batirin mota, sai ga dish yana tafiya a hankali, da ya sauya wayoyin kuma ya dawo. Nan take muka gane cewa injin lafiyarsa ƙalau.

Bayanin da kuka yi mana a tsakar gida ya wayar mini da kai ƙwarai. Ashe a cikin jak akwai wani ƙaramin makunni da maganaɗisu ke buɗewa yana rufewa yayin da injin ke juyawa, kuma da wannan bugun fozishina ke ƙidaya inda dish ya kai. Idan ƙidayar ba ta iso ta siraran wayoyi biyu na jak ɗin ba, sai fozishina ya yanke wuta da kansa domin kada dish ya zarce iyaka ya yi ɓarna. Da kuka buɗe murfin, na ga ruwa ya kwanta a ciki da idona, tsatsa ta cinye bakin waya ɗaya har ta tsinke, domin tun farko an ɗaura jak ɗin ramin fitar ruwansa yana kallon sama.

Kun sauya makunnin da wayar, kun goge ƙurar hunturu da ta daskare a jikin sandar, kun shafa giris, kun juya ramin ya kalli ƙasa, sannan kuka sake saita matsayin kowane tauraron ɗan adam ɗaya bayan ɗaya, tunda tsohuwar ƙidayar ta ɓace. Duk wannan alhali sababbin jak suna jere a shagonku, kuma da kun ce mu saya, da ba mu yi musu ba.

Kafin ku sauke tsani an tayar da sallar Isha'i a Makka, Baba kuma ya ce lallai in isar muku da addu'arsa. Allah Ya saka da alheri, Ya sa albarka a kasuwa, Ya raya yaran da kuke koya wa wannan aiki.

Naku,
Wani magidanci daga Gwammaja, Kano.