Zuwa ga mutumina na Modena, kan maganar Shumaka

Assalamu alaikum mutumina,

Ya sanyi, ya aiki, ya madam da yara? Mu nan Kumasi lafiya lau, ruwa ne dai ya matsa mana kwana biyu, hanyar Magazin duk ta zama caɓi. Hajiya tana gaishe ka, ta ce tunda ka samu taliyar Italiya ka manta da tuwonta.

Na ga hoton da ka turo, kana tsaye gaban jar motar nan a gidan tarihin Ferrari na Maranello ka wani harɗe hannu kamar kai ka saye ta, na nuna wa yaran gareji sun sha dariya. Amma abin da ka rubuta a ƙasa ne ya sa na zauna rubuta maka wannan, wai da Michael Schumacher, Shumaka direban tseren motoci na Formula 1, bai dawo tsere bayan ya yi ritaya ba da sunansa bai zube ba. Haba dai! Wato tun zamanin da muke gardama a wajen mai shayi na Aboabo, kai kana bayan abokin hamayyarsa Hakkinen ni ina bayan jar motar Ferrari ta Shumaka, har yau ba ka huce ba kenan.

Na yarda da kai a lissafi. Mutumin da ya ci kambun duniya 7, biyu da Benetton a 1994 da 1995, biyar a jere da Ferrari daga 2000 zuwa 2004, ya ci tsere 91, ya ajiye a ƙarshen 2006, sai ga shi ya dawo 2010 da Mercedes yana da shekara 41, ya yi shekara uku bai ci ko ɗaya ba. Sau ɗaya tak ya hau dandamalin ukun farko, na uku a Balensiya 2012. Kuma Nico Rosberg da suke mota iri ɗaya ya fi shi maki duk shekarun ukun. Wannan ba ni da ta cewa.

To amma ka duba abin da ya tarar. Lokacin Ferrari ai ƙarfinsa gwaji ne, ya wuni yana zagaya filin Fiorano, nan kusa da kai, yana faɗa wa injiniyoyi gyara nan, sassauta can, har motar ta zama kamar rigar da aka ɗinka masa. Da ya dawo an hana wannan gwajin a tsakiyar kaka, an hana ƙara mai ana cikin tsere, daga 2011 kuma aka kawo tayar Pirelli mai saurin cinyewa wadda sai ka lallaɓa ta, shi kuwa ya saba da taka mota iya ƙarfinta daga farko har ƙarshe. Motar ma kanta ba ta kai ba, ai lokacin Red Bull da Vettel ne ke shan sharafinsu.

Ka san abin da ya sa abin ya taɓa ni? Masta, maigidana na gareji. Bara ya ce ya gaji, gwiwa ta ƙi, ya miƙa min makullin shago ya koma gida. Wata bakwai ya yi, ran nan da sassafe na zo buɗewa na tarar da shi zaune a kan tsohuwar taya da kokonsa a leda, ya ce zaman gida zai kashe shi. Motocin yanzu duk kwamfuta ne, sai ka jona na'ura ta faɗa maka ciwon, shi ko karatun fuskar na'urar ba ya iyawa, yara suna ƙus-ƙus a bayansa. Sai wata rana aka kawo wata mota da ta sha mana kai kwana uku, na'ura tana cewa lafiya lau, mota kuma tana kakarewa. Masta ya ce a tayar, ya ɗora bakin dogon sukundireba a jikin injin ya kara kunnensa a ƙotar, ya rufe ido kamar mai sauraron wa'azi, can ya ce ku buɗe nan. Wallahi nan ɗin ne. Babu wanda ya ƙara ƙus-ƙus ranar.

Irin ranar nan Shumaka ya samu a Monako 2012. Yana da shekara 43, a titin da katanga ke gefen tayarka hagu da dama, ya fi kowa gudu a zagayen neman layin gaba. An mayar da shi na shida saboda hukuncin karon da ya yi da Bruno Senna a Sifaniya, amma lokacin da agogo ya rubuta ai ba a goge shi ba. Na tuna ranar a gidan kallo nake, na yi ihu har mai gidan ya ce ko ƙwallo aka ci a wata tasha.

Ba wai na mai da shi waliyyi ba ne. Karon da ya yi wa Damon Hill a 1994, da na Villeneuve a Jerez 1997 da ya sa aka cire shi daga lissafin shekarar gaba ɗaya, da matse Barrichello da ya yi jikin katanga a Hangari 2010, duk ban manta ba, mutumin ba ya son a wuce shi ko da wasa. Shi ya sa ma tserensa na ƙarshe a Birazil 2012 ya ba ni mamaki, da ya kauce wa Vettel ya wuce, yaron ya ɗauki kambunsa na uku.

Sannan kujerar da ya bari Hamilton ne ya hau a 2013, kuma daga 2014 Mercedes ta ci kambun kamfanoni takwas a jere. Ni dai a ganina shekara ukun da Shumaka ya yi da Ross Brawn, shugaban tawagar Mercedes a lokacin, suna ɗora tubali suna cikin abin, ko ba ka yarda ba. Da Hamilton ya kamo nasara 91 ɗin a Nurburgring 2020, ɗan Shumaka, Mick, ne ya miƙa masa hular kwanon babansa, shi uban tun hatsarin wasan ƙanƙara na Disamba 2013 a Faransa ba a sake ganinsa a bainar jama'a ba. Mutum ya yi shekaru yana gudun da ya wuce kilomita 300 a awa ya tsira, sai a wajen hutu da iyali. Allah ya ba shi lafiya.

Nan dai har gobe in direban trotro, motar hayar nan, ya fizge mu daga Kejetia zuwa Suwame sai ka ji wata tsohuwa a baya ta ce kai Shumaka, a hankali, muna da jikoki. Ban taɓa jin ta ce Hakkinen ba.

In za ka aiko kaya da Sallah ka sa min jar hula guda biyu, ɗaya tawa ɗaya ta Masta, kansa ya fi nawa girma ka lura. Ka gaida madam, ka shafa min kan yara.

Naka,
abokinka na Aboabo